Kuntigin Ɗan Maraya da Marayun Ƙasar Tsaskiya

Akwai wata waƙa ta marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos wadda a ke kira Auren Dole. Da wuya a sami mai karanta wannan jarida wanda ya haura shekara arba'in bai taɓa jinta ba, ko dai a akwatin rediyo sa'ad da Kaduna ke sa faifai, ko a kaset a rumfar mai shayi, ko cikin motar kasuwa tsakanin Dutsin-ma da Katsina. Mai waƙar ya riga mu gidan gaskiya a Jos ran 20 ga watan Yuni 2015, Allah ya jiƙansa, amma waƙar ba ta bi shi ba. Tana nan cikin wayoyin mutane, har yaran da ba su taɓa ganin garmaho ba sun san amon kuntigin nan. Mun ta da zancenta yau domin waƙa ce a kan uba, ga shi kuwa a yammacin Katsina, wajen su Tsaskiya da Runka da Safana da Batsari, akwai gidaje masu yawa waɗanda ba sauran uba a cikinsu.

Bari mu fara da waƙar kanta. Bahaushen da ba mai yi wa ubansa waƙa ba ne. Makaɗan fada su kan ambaci uban sarki da kakansa, amma don su ƙara wa sarkin girma su ke yi. Mata wajen niƙa da daɓe su kan yi waƙar miji da kishiya da uwar miji, amarya kuwa ran da za a kai ta ta kan yi kukan rabuwa da gida. Shi uba yana zaure, ba a kai masa waƙa, shi kuma ba ya nuna abin da ke ransa. Kunya ta hana shi kiran sunan ɗansa na fari, ta hana shi ɗaukarsa gaban mutane. Yaro ya kan girma bai taɓa jin ubansa ya ce yana sonsa ba, sai dai ya gane a rigar salla, da tsarabar ran kasuwa, da tsayuwar da aka yi a ƙofar ɗaki daren da zazzaɓi ya kama shi. To, cikin wannan shirun ne Ɗan Maraya ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa iyaye magana a fili, maganar kuwa faɗa ce. Ya nuna musu ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so ɓarna ce, ko da kuwa uban da ya haife ta ne ya ɗaura.

Saboda haka waƙar ta raba masu sauraro, har wa yau in ka kasa kunne ga hirar da a kan yi bayan ta ƙare, za ka tarar ba abu guda kowa ya ji ba. Akwai tsohuwar da in ta ji ta sai ta yi shiru, ta aiki jika ɗiban ruwa ko da randa cike ta ke. Ita aka yi wa. Ta tuna ran da aka kira ta aka ce an ba da ita, ta tuna yajin da ta yi ta yi ana maido ta. Ita ta haƙura ta zauna har ta tara 'ya'ya da jikoki, amma ta san ƙawarta da ta bi dare ta shiga duniya, ba a sake ganinta ba sai labari. Abin mamaki, irin waɗannan tsofaffi ba su cika zagin iyayen nasu ba. Su kan ce Allah ya jiƙan baba, haka zamanin ya ke, shi ma alkawari ya ɗaukar wa amininsa ko malaminsa, ya ga ba ya iya saɓawa. Akwai kuma dattijon da ya ji waƙar yana saurayi, shekarar da aka ba wani mai hali yarinyar da ya yi damina uku yana kai wa gidansu gayya. A lokacin nan Ɗan Maraya lauyansa ne. Yau shi ne a zaure, da 'ya'ya mata biyar, ya kuwa gane buzun uba da zafi ya ke: in ya bar yarinya ta zaɓa, ta zaɓo ɗan iska, a ce ya yi sakaci, in ya zaɓa mata a ce ya yi dole. Irin wannan ya kan yi dariya in an sa waƙar, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sa'an nan akwai waɗanda tun farko ba su so ta ba, suka ce ina ruwan maroƙi da sha'anin gidan mutane. Mu a ganinmu waɗannan sun fi kowa jinta, gama ba wanda ke fushi da jifan da bai same shi ba.

Abin da ya kamata a riƙa tunawa shi ne, wanda ya yi wa iyaye wannan faɗa bai san nasa uban ba. An haife shi a Bukuru kusa da Jos cikin 1946. Ubansa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu yaron yana jariri, uwar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Watau sunan nan da duniya ta san shi da shi, labarinsa ne tsurarsa. Sarkin ya ɗauke shi ya riƙe a gidansa. Daga baya, yana yaro, ya je Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, ya haɗa nasa: gwangwani, da fata, da tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ɗan abu ya yi wa karen mota waƙa, ya yi Jawabin Aure da Gulma Wuya, har Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Ku gwada shi da namu na Katsina, Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa 1923, ya rasu 1999. Shi yana da uba, uban kuwa bai so ɗansa ya zama mawaƙi ba, sai da aka sha fama. Ɗaya ya yi fama da uba, ɗaya ya yi fama da rashinsa, wanda ya fi shan wuya a cikinsu sai a tambayi marayu. Da sarkin nan na Bukuru ya kau da kai, ya ce yaran gidansa ma sun ishe shi, da ba wanda ya ji Auren Dole, da kuma ba wanda ya san an yi asara.

Wannan ya kawo mu Tsaskiya. Ga wanda bai san wurin ba, gari ne na manoma cikin ƙaramar hukumar Safana, Batsari na maƙwabtaka da su, dajin Rugu kuwa yana yamma har ya tarar da Zamfara. Da satar shanu aka fara a wannan yanki, abin ya zama satar mutane, ya zama kisa. A watan Mayu 2019 an kashe manoma 18 na 'Yargamji ta ƙasar Batsari, 'yan'uwansu suka kwaso gawawwakin har birnin Katsina don hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A watan Afrilu na shekarar an kashe 47 a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-ma. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Na ɗaya-ɗaya, wanda aka tare a hanyar kasuwa, da wanda aka kama aka sayar da gona aka biya fansa bai dawo ba, su sai dai a yi ta'aziyya a watse. Wa ke fita gona da sassafe? Wa ke fita waje in an ji harbi? Magidanci ne, kowane ɗaya kuwa ya kan bar mace ko mata, da yara birjik.

Gwamnati ta gwada magani iri iri. A watan Satumba 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Safana da Batsari, aka yi watanni abin da ya rage wa mutum a wayarsa sai abin da ya ajiye ciki, karatu da wa'azi da tsofaffin waƙoƙi. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da dakarun tsaro na jiha, cikin 2025 kuma wasu ƙananan hukumomi, har da Batsari da Jibiya, suka yi zaman sulhu da mutanen daji. Ba yau za mu auna waɗannan ba. Abin da ke gabanmu shi ne ko gobe aka wayi gari lafiya ta samu sarai, wanda ya mutu ba ya dawowa, yarinyar da ya bari kuwa tana girma. In ta ji Ɗan Maraya yana faɗa da uba mai tilastawa, me ku ke tsammani za ta ji? Labarin wata mai gata za ta ji, wadda ke da uban da za ta yi wa kuka, wanda a ke iya aika wa dattawa su ba shi baki.

To, auren dole bai ƙare ba, hannu ya sake. Da, uba ke yinsa don alkawari, ko don kwaɗayi, ko don kada a ce 'yarsa ta fi ƙarfinsa. Yanzu a irin waɗannan gidaje yunwa ke ɗaura shi. Ga baffa yana da nasa 'ya'ya takwas, an ƙara masa shida na ɗan'uwansa, gonar da ke ciyar da su tana bakin daji ba ta nomuwa, wataƙila ma su duka gudun hijira su ke yi, suna zaune a kangon wani a Batsari ko Dutsin-ma. Sai wani ya zo da buhun masara da 'yan kuɗi ya ce yana son babbar. Baffan nan ba mugu ba ne, ba ma kiransa mugu. Ya ga baki ɗaya ya ragu, ya ga kuma wai ya kawar da ita daga hatsarin hanya da na daji. Uwa tana takaba ko ta fita ba da daɗewa ba, ba ta da ta cewa. Yarinya kuwa ba wanda ya tambaye ta, in an tambaye ta ma kunya da tsoro su ke amsawa. Watanni kaɗan sai ga ta ta dawo da saki ko da ciki, ko da duka biyun, bakin da aka ce ya ragu ya zama biyu.

Nan ne mu ke so malamai su buɗe littafi, gama mutane da yawa suna tsammani duk wanda ya gaji zaure ya gaji ikon uba. Ba haka ba ne a mazhabar Maliku da mu ke bi. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ba makarantar zauren da ba a karanta ta a ƙasar nan, ta ba uba kaɗai ikon aurar da budurwa ba da izninta ba, sauran waliyyai kuwa, ko wa ne ko baffa, ta ce sai yarinya ta balaga ta kuma yarda. Malamai sun haɗa wasiyyin da uba ya naɗa ya kuma umurce shi da haka, ban da shi ba kowa. Shi kansa uban an yi masa iyaka, ba shi da ikon ba da ita inda za ta cutu, Buhari kuwa ya ruwaito labarin Hansa'u 'yar Hizamu, bazawara, wadda ubanta ya aurar ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Mun san wani zai ce ai Muhtasar ya yi togiya ga marainiyar da a ke tsoron lalacewarta. Gaskiya ne ya yi, amma ya sa sharaɗi, cikinsu har da shawartar alƙali. Alƙali nawa aka shawarta a auren marayun da aka ɗaura daga 2019 zuwa yau? Sadaki kuma nata ne, ba kuɗin cefanen gidan baffa ba ne. Wanda ya ci shi ya ci dukiyar maraya, kowa kuwa ya san abin da Suratun Nisa'i ta ce a kan masu cin wannan dukiya.

Dokar gwamnati ma tana nan. Tun 2004 dokar Tarayya ta ce kowane yaro, mace da namiji, ya yi shekara 9 a makaranta, kyauta kuma tilas, jihar Katsina kuma ta yi tata dokar kare yara cikin 2020. Amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta ƙauye. Masu ɗaukar kuwa su ne ku masu karanta wannan jarida, malaman ofis da malaman makaranta.

Ku malaman ofis, ku ne magadan En'e, ko da ya ke tun gyaran 1976 sunan ya zama ƙaramar hukuma. Ku tambayi tsofaffinku yadda a ke yi da. Kowace shekara malamin haraji ya kan zauna da dagaci da masu unguwa, a bi gida gida a rubuta sunan kowane baligi namiji. In mutum ya mutu, ba a shekara ba a soke sunansa ba. Watau En'e ta san kowane uba a ƙasarta, ko da ya ke don kuɗinsa ta san shi. Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali cikin 1979, sa'ad da Katsina ke cikin jihar Kaduna, ba kuwa wanda ke kewarsu, mu ma ba mu kewa. Amma da aka zubar da harajin sai aka zubar da ƙidayar tare da shi. Abin kunya ne a ce hukuma ta iya ƙidaya talaka don ta karɓa, ta kasa ƙidaya marayansa don ta bayar. Aikin nan bai fi littafi ɗaya da biro ba a kowace gunduma: sunan mamaci, da shekarar da ya rasu, da sunayen yaransa da shekarunsu, da wanda ke riƙonsu, da gonar da ya bari da inda ta ke. Masu unguwa sun san wannan duka a ka, ba a dai tambaye su ba. Hakimai, su Yariman Katsina a Safana da Sarkin Ruma a Batsari, in an kai musu littafin su sa hannu, wa zai yi musun abin da ke ciki? Muna roƙo kada a mai da shi irin jerin sunayen da a kan yi ran rabon shinkafa, wanda a kan cika da 'ya'yan abokai a ɗauki hoto a watse. Littafin da mu ke nufi shi ne wanda hukumar zakka za ta duba, alƙali ya duba ran rabon gado, ya kuma hana a wayi gari an sayar da gonar yara a ce bashin mamaci aka biya.

Ku kuma malaman makaranta, ku ne kaɗai ma'aikatan hukuma da ke kiran sunan yaran nan kowace safiya. Mun san halin da ku ke ciki. Akwai makarantun da aka rufe, akwai malamin da ke tafiya aiki da ransa a hannu, tun ba bayan abin da ya faru a Ƙanƙara ba a watan Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya. Ba ma ɗora muku abin da ya fi ƙarfinku. Amma inda makaranta ke buɗe, in yarinya 'yar aji biyar ko shida ta yi kwana uku ba ta amsa suna ba, kada a ja layi a wuce. A tambayi ƙawayenta, sun sani. In lalle a ke shirin sa mata, hedimasta ya ɗauki ƙafa ya je wurin mai unguwa da liman tun goro bai fita ba, gama bayan an shafa fatiha magana ta yi nauyi. Ya je da ladabi, ya gai da baffa, ya tuna mutumin yana cikin ƙunci ne. Sau da yawa abin da a ke nema bai wuce a sauke masa wani nauyi ba. A nan sai mu faɗi wani abu da ke faruwa a makarantu da dama: a kan kori yaro gida don bai kawo kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai ba. A kori maraya don kuɗin iyaye! Duk hedimastan da ke da irin littafin nan a teburinsa ba zai yi wannan ba, in kuwa ya yi, sakataren ilmi yana da abin da zai tuhume shi da shi.

Limamai masu ɗaurin aure, su ma aikinsu bai wuce tambaya biyu ba kafin a karanta huɗuba: wane ne waliyyi, ita kuma wa ya ji yardarta? In an ce uba ya rasu, sai a aiki dattijuwa mai amana ta keɓe da yarinyar ta ji daga bakinta. Limamin da ya ƙi ɗaura aure ɗaya saboda wannan, garin duka sun ji, ba sai an yi shela ba.

Akwai kuma wasu marayu da ba a son ambato, amma jaridar gwamnati ba ta da ikon zaɓen talakawanta. A rugage ma an kashe iyaye, wasu ɓarayi suka kashe su don shanunsu, wasu 'yan sa-kai suka kashe su a kasuwa bisa zato. Yaron da aka kashe ubansa yana kallo, ba makaranta, ba garke, ba wanda ya zo gaisuwa, mun san wanda ke jiransa a daji da abin da zai miƙa masa. Arɗo ma ya san gidajensa kamar yadda mai unguwa ya san nasa, sai a buɗe masa shafi cikin littafin.

Ga gidajen rediyo kuma, na jiha da na Kaduna, muna so su ci gaba da sa waƙar nan, amma in ta ƙare mai shiri ya ɗauki minti ɗaya ya faɗi wane ne ya yi ta, da wanda ya riƙe shi. Mutane da yawa sun san sunan Ɗan Maraya ba su taɓa tsayawa sun ji abin da sunan ke faɗi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya haɗa yatsunsa biyu ya nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna, shi kansa kuwa a hannun kakansa da baffansa ya tashi. Baffan da ke jin wannan a rediyo, ya kuma ga malamin ofis ya zo ya rubuta yaran, ya ga hedimasta ya ɗauke musu kuɗin makaranta, ba lalle ne ya karɓi buhun masarar nan ba.

Sauran magana ita ce lokaci. A ƙauye bayan kaka a ke yawan biki, sa'ad da hatsi ya shigo, masu neman aure suka sami abin hannu. Maganar kuwa tun cikin damina a ke ƙulla ta, lokacin da rumbu ya ƙare, gida ya fi matsuwa. Saboda haka shugabannin ƙananan hukumomin Safana da Batsari su ba da umurni littafin ya kammala kafin ruwa ya sauka, a fara da gundumar Tsaskiya, a kuma aika wa kowane hedimasta da kowane limamin Juma'a sunayen 'yan matan da ke ƙasarsa kafin a yanke gero.